Yadda muka yi yawon ƙafa a duwatsun Zermatt ba mu da mota

Tun da na dawo daga Suwizalan 'yan uwa ke ta tambayata a waya wai ya aka yi na je can saman duwatsu na yi ta yawo alhalin ko lasin tuƙi na Turai ba ni da shi, balle mota. To bari in rubuta shi gaba ɗaya a wuri guda, domin lokacin da nake nawa shirin na sha wuyar neman bayani, yawancin abin da na samu ko dai na masu mota ne ko na masu kuɗin ɗaukar ɗan jagora, ni kuwa ɗalibi ne a Jamus, abin da ke aljihuna a lissafe yake. Ni da wani abokina ɗan Zinder da muke makaranta ɗaya muka yi tafiyar a watan Yuli, kuma mun zaɓi garin Zermatt ne saboda dalili guda: garin an hana motocin fetur shiga cikinsa. Duk mai mota dole ya ajiye ta a Täsch, wani ƙauye da ke kamar kilomita 5 kafin a iso, ya shiga jirgin ƙasa kamar kowa. Kenan da mai mota da marar mota duk a ƙofa ɗaya ake shiga, kuma duk tsarin garin an gina shi ne don wanda zai taka da ƙafarsa.

Maganar takardu ita na fara bi. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, saboda haka mu da ke da katin izinin zama na Jamus ba mu buƙaci wata biza ba, fasfo da katin kawai muka riƙe, kuma dukkansu biyun ake riƙewa, katin shi kaɗai ba ya isa idan aka tsayar da kai a iyaka. Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar shi sai ya nemi bizar Shengen, kuɗinta ya koma yuro 90 tun 2024, kuma za a nemi inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000. Ita wannan inshorar ina roƙon kowa ya zauna ya karanta ta da kyau ya ga ko ta haɗa da ceto a kan dutse, don idan ƙafa ta karye a can sama jirgi mai saukar ungulu ne zai zo ɗaukarka, kuma ba kyauta ba ne. Abu na biyu da wani ya ja mini kunne a kai shi ne layin waya. Layin Jamus yana aiki a Faransa da Italiya ba tare da ƙarin caji ba, amma Suwizalan ba ta cikin wannan yarjejeniyar, wasu kamfanonin da ka tsallaka iyaka za su fara zuƙar kuɗinka. Na kashe data tun kafin Basel, garin da ke bakin iyakar Suwizalan da Jamus, duk taswirar da nake buƙata na sauke ta a waya tun ina ɗaki. Kuɗinsu ma ba yuro ba ne, faran ne, amma kusan ko'ina kati na aiki har a ƙananan gidajen abinci na kan dutse, 'yan takardun faran kaɗan na canza don ko-ta-kwana.

Inda lissafi ya fi cin lokacina shi ne tikiti. Jiragen Suwizalan suna da tsada, ba wasa, kuma tsadar ta fi yawa a jiragen da ke hawa dutse. Akwai wani kati da suke sayar wa baƙi waɗanda ba mazauna ƙasar ba, Swiss Half Fare Card, yana aiki wata guda, duk tikitin da ka saya rabin kuɗi za ka biya, jirgin ƙasa, bas, jirgin ruwa da yawancin na hawa dutse. Lokacin da na saya faran 120 ne, amma a duba don farashi na motsawa. Na ɗauki biro da takarda na rubuta zuwa da dawowa daga Basel, na ɗora jirgin hawa dutsen Gornergrat wanda shi kaɗai zuwa da dawowa ya haura faran 100 a lokacin bazara in babu rangwame, na ɗora sauran, sai na ga katin ya riga ya fanshi kansa tun ba a je ko'ina ba. Muhimmin abu shi ne a sayi katin kafin a sayi ko wane tikiti, don tun daga na farko ake fara cin rangwamen. Na sa manhajar SBB Mobile a waya, ita ce ta kamfanin jiragen ƙasarsu, a ciki nake ganin lokaci da layin da jirgi zai tsaya kuma a ciki nake sayen tikitin. A nan ba a shiga jirgi a ce sai mai duba tikiti ya zo a saya, tun a ƙasa ake saye. Da mai dubawar ya zo ya nemi tikiti da katin rangwame, ya kuma ce in nuna fasfo, saboda haka kar a cusa fasfo can ƙasan jaka.

Daga Basel muka bi ta Bern, jirgin ya shige wani dogon rami na Lötschberg mai kusan kilomita 35 wanda aka buɗe a 2007, muka fito a ɗaya ɓangaren muka sauka a Visp. A nan ake canji zuwa wani jan jirgi ƙarami na Matterhorn Gotthard Bahn. Mintunan canjin kaɗan ne, hankalina ya ɗan tashi ganin ga jaka ga matakala, amma ashe jirgin yana nan kusa kuma kusan duk wanda ya sauka can ya nufa, bin ayari kawai muka yi. Daga Visp zuwa Zermatt awa ɗaya da 'yan mintuna ne, jirgin na bin kwari ta St. Niklaus da Randa da Täsch, inda hanya ta yi tsayi sai ka ji ya rage gudu ya kama wasu haƙoran ƙarfe da ke tsakiyar layin yana jan kansa sama. Muna sauka na ga 'yan ƙananan motocin lantarki masu kamar akwati suna jiran baƙin otal. Mu dai ƙafa muka sa, garin bai da girman da za a ce sai an hau wani abu. Masaukinmu irin na matasa ne mai gado sama da ƙasa, mun kama shi tun da watanni don a Yuli wuri na ƙarewa, suka karɓi fasfo suka rubuta, aka ƙara mana ɗan harajin baƙi da ake biya a kowane dare. Na zaɓe shi ne don yana da kicin, kuma wannan ya rufa mana asiri ƙwarai.

Bayan mun ajiye kaya muka wuce ofishin kula da baƙi da ke dandalin tashar jirgi. Mun ɗan bi layi, ba mai tsawo ba. Matar da ke kan tebur ta tambaye mu ko mun taɓa tafiya a kan dutse, na ce mata tafiyar ƙafa dai mun saba, amma irin wannan tsayin ba mu taɓa ba. Ta buɗe taswirar bazara ta kyauta ta fara zana mana da biro, kuma abin da ta fara nunawa ba hanyoyin ba ne, lokacin da kowane jirgi da kowane keken igiya, wato ɗan akwatin gilashi da ke rataye yana tafiya a sama, ke yin saukarsa ta ƙarshe ta fara zagayewa. Ta ce daga nan ake fara lissafi a dawo baya. Gaskiya wannan shi ne duk sirrin tafiyar marar mota, domin idan keken ƙarshe ya sauka ya bar ka a mita 2,500, babu tasi da za ka kira, babu ɗan acaɓa, ƙafarka ce za ta sauko da kai har cikin gari da gajiyarka. Lokacin da muka je wasu kekunan wajen ƙarfe biyar na yamma suke tsayawa, alhali rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, wannan ke ruɗar mutane su ɗauka da sauran lokaci. Ta kuma yi mana bayanin allunan hanya. Allo rawaya zalla hanya ce mai sauƙi. In ka ga fenti fari-ja-fari a jikin dutse ko a bakin allon, hanyar dutse ce, tana son takalmi mai riƙo da mutumin da jiri ba ya ɗibarsa. Fari-shuɗi-fari kuwa na ƙwararru ne, ta ce kar mu ko gwada. Sannan allunan ba kilomita suke rubutawa ba, awa da minti suke rubutawa, kuma lokacin bai haɗa da hutu ko hoto ko cin abinci ba. Ta ba mu lambar neman agaji, 144 ko 112, ta ce mu sa manhajar MeteoSwiss don duba yanayi.

Da yamma muka shiga Coop da ke kusa da tasha muka sayi burodi, cuku, ƙwai, kifin gwangwani, ayaba da gyaɗa. A kula da busasshen nama da tsiran-tsiran da suke jerawa, da yawa akwai alade a ciki, mu dai mun bar nama gaba ɗaya har muka dawo. Ruwa ba mu saya ba ko sau ɗaya, na famfo mai kyau ne kuma mai sanyi, gora kawai muke cikawa. Muka zaga tsohuwar unguwar Hinterdorf, a nan na tsaya na daɗe ina kallon rumbunansu na katako da rana ta ƙona suka yi baƙi. An ɗora su a kan gajerun ƙafafu, tsakanin kowace ƙafa da jikin rumbun an sa wani faffaɗan dutse mai kamar faifai don ɓera in ya hawo ya rasa ta inda zai wuce. Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, ai rumbun gero ne wannan," wallahi haka ne, tunanin ɗaya ne da namu da ake ɗorawa a kan duwatsu.

Washegari da sassafe muka fara da hanyar tafkuna biyar, ita matar ta ce ta fi dacewa da sabon shiga. Tashar jirgin hawa Sunnegga tana bakin kogi, tafiyar minti goma daga tsakiyar gari. Jirgin nan a cikin dutse yake tafiya, igiya ke jansa, cikin 'yan mintuna ya fito da mu a mita 2,288, daga nan muka shiga keken igiya zuwa Blauherd a mita 2,571. Tikitin hawa kawai muka saya zuwa can, don hanyar da kanta za ta dawo da mu Sunnegga. Tsawonta bai kai kilomita 10 ba, allo ya ce awa biyu da rabi, mu mun ci kusan ninkin haka kuma ba mu yi nadama ba. Tafkin farko Stellisee minti ashirin ne daga tashar, mun iso iska ba ta taso ba, ruwan ya kwanta luf, dutsen Matterhorn mai mita 4,478 ya fito a cikinsa da kansa a ƙasa, har tsagin ƙanƙarar da ke jikinsa ana gani. Wata 'yar iska na kaɗawa hoton ya watse. Shi ya sa nake cewa a fita da wuri, kafin azahar sau da yawa gajimare ya naɗe kan dutsen. Muka bi Grindjisee mai itatuwa a gefe, Grünsee, Moosjisee da ruwansa ya yi fari-fari kamar an zuba madara saboda garin dutsen da ƙanƙara ke niƙawa, sai Leisee inda iyalai ke wanka da yara. Akwai ɗan hawa a ƙarshe zuwa Sunnegga wanda ya fi yadda yake a taswira wuya don ƙafa ta riga ta gaji. A hanya muka sami gefe mai ciyawa muka yi alwala da ruwan gora muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, alƙibla daga can kudu maso gabas take, mutane na wucewa babu wanda ya tanka mana. Wani dattijo ma jira ya yi muka sallame sannan ya wuce da karensa.

Gornergrat muka sa a rana ta gaba, da gangan, don jiki ya ɗan saba da tsayi. Tasharsa tana fuskantar babbar tashar jirgi, tsallaka titi kawai. Jirgin mai haƙora ne, tun 1898 yake hawa, yana ɗaukar kamar minti 33 zuwa mita 3,089. A zauna ɓangaren dama in ana hawa, ta nan ake ganin Matterhorn. Mun shiga na safe kafin ayarin masu yawon buɗe ido su cika layi, da muka leƙo daga baya muka ga yadda jiragen hantsi ke tahowa a cike maƙil. A can sama na gane abin da ake nufi da ƙarancin iska, 'yan matakala kaɗan na hau na ji ƙirjina na bugawa kamar na yi gudu, kaina ya ɗan sara, na zauna na sha ruwa ya lafa. Sanyi kuma ga shi a tsakiyar Yuli, don kowace mita dubu da ka hau zafi na raguwa da kamar digiri shida, a gari da 'yar shat muke, a sama sai da muka sa rigar sanyi da ta kare iska. Ga daskararren kogin ƙanƙara na Gorner shimfiɗe a ƙasa, ga Monte Rosa wanda ƙololuwarsa mita 4,634 ita ce mafi tsayi a Suwizalan. Na daɗe ban iya cewa komai ba sai tasbihi. Nan ma tikitin hawa kaɗai muka saya, muka gangaro da ƙafa ta Rotenboden zuwa ɗan tafkin Riffelsee, muka wuce Riffelberg, muka ci gaba har Riffelalp. Daɗin wannan hanyar ga marar mota shi ne layin jirgin na kusa da kai koyaushe, duk tashar da ka ji gwiwa ta gaza sai ka sayi tikiti ka sauka. A nan muka haɗu da tumakin yankin masu baƙin hanci da dogon gashi, da wasu dabbobi masu kamar gafiya mai ƙiba da ke yin fito in sun ga mutum su shige rami. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, wannan kowa ya sani tun yanzu, a Riffelalp muka shiga jirgi. Rana kuma tana ƙuna a can sama ko da baƙar fata ce, leɓɓana sun tsage, a riƙe man leɓe da hula da tabarau.

Babban burinmu shi ne Hörnlihütte, masaukin da masu hawa Matterhorn ke kwana a mita 3,260, a gindin gefen dutsen da Edward Whymper da mutanensa suka bi ranar 14 ga Yuli 1865 suka zama na farko da suka kai ƙololuwa, huɗu daga cikinsu suka mutu a saukowa. Ana hawa keken igiya ta Furi zuwa Schwarzsee a mita 2,583, daga nan kamar awa biyu ne na hawa a hanya fari-ja-fari mai matakalan ƙarfe a wasu wurare. Tun da dare manhajar yanayi ta nuna hadari da tsawa bayan azahar. Da safe gari ya waye tas, muka hau, amma muna Schwarzsee muka ga gajimare na taruwa ta ɓangaren Italiya. Na tambayi ma'aikacin tashar, ya kalli sama ya kalli agogo ya ce in da shi ne ba zai hau yau ba. Abokina ya so a gwada, ya ce mun biya kuɗi mun zo har nan, na ce masa, "Aboki, dutsen nan ba inda za shi." Raina ya sosu ni ma, amma tsawa a kan tsirarar dutse ga ƙarfe a hannu ba abin gwaji ba ne. Da yake tun a ɗaki na tanadi hanya ta biyu, sai muka juya muka gangara ta Stafelalp, a ƙarƙashin fuskar dutsen ta arewa, baƙa ƙirin a tsaye, muka bi cikin itatuwa har ƙauyen Zmutt mai 'yan gidajen katako. Muna isa ruwa ya sauko da tsawa mai girgiza ƙasa, muka fake a wani gidan abinci muka ci soyayyen dankali da ƙwai, faranti ɗaya bai gaza faran 25 ba, shi ne kaɗai abincin waje da muka saya. Da ruwan ya tsagaita muka ƙarasa gari da ƙafa, kamar awa ɗaya.

Wanda zai je, shawarata ita ce kowane dare ya zauna da taswira da manhajar yanayi ya rubuta abu uku a takarda: lokacin hawan farko, lokacin saukar ƙarshe, da hanyar da zai bi in yanayi ya ɓaci. Lokacin da allo ya rubuta ya ƙara masa rabinsa ko fiye. Ya riƙa sayen tikitin hawa kaɗai in ya san da ƙafa zai sauko, kuɗi mai yawa ke raguwa a nan, in ma aljihu ya yi ƙasa akwai hanyoyin da ke farawa daga cikin gari ba sai an hau komai ba, irin ta Zmutt da ta Findeln. Takalmi kuwa kar a yi masa rowa, kuma a taka shi tun a gida ya saba da ƙafa. A faɗa wa mai masauki ko wani a waya inda aka nufa, in an buɗe ƙofar shingen dabbobi a rufe, shara a dawo da ita cikin jaka. Lokacin zuwa daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba ya fi, kafin nan ƙanƙara na rufe hanyoyin sama, kuma tsakanin bazara da hunturu ana rufe wasu kekunan don gyara, saboda haka a duba ranakun buɗewa kafin a biya masauki. Ranar komawa in jirginka na yamma ne, akwai akwatunan ajiyar kaya a tasha, ka kulle jakarka ka yi ɗan gajeren yawo. Mai sauran ƙarfi kuma zai iya sauka a Randa, a can akwai gadar lilo ta Charles Kuonen mai tsawon mita 494 da aka buɗe a 2017, amma hawa zuwa wurinta a tsaye yake kuma zuwa da dawowa na cin rabin yini, sai a ware mata ranarta daban.